Jahilcin wa ake kuka da shi? Masu tsara manhaja da mutanen Damagaram

Akwai kalmar da ba ta taɓa rasa kujera a tarurrukan da ake yi a kan fasahar zamani a Nijar, ko a Yamai aka yi su ko a Damagaram. Da zarar an tambayi dalilin da ya sa manhajar da aka kashe wa miliyoyi ta rasa masu amfani da ita, ko shafin intanet da aka buɗe da kiɗa da jawabai ya zama kufai, sai mai jawabi ya gyara zama ya ce jahilci ne. Wai jama'a ba su iya karatu ba, ba su waye ba, sai an ƙara wayar musu da kai. Daga nan a ware wasu kuɗin, a buga riguna da huluna, a ɗauki hoto, a watse.

Wannan amsa ta daɗe tana cin kasuwa domin tana da daɗi a bakin mai faɗinta. Tana sauke laifi daga kan wanda ya tsara abin, ta aza shi bisa kan wanda aka tsara dominsa. Hausawa sun ce laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Gaskiya ne cewa manyan da suka iya karatun boko a Nijar ba su kai huɗu cikin goma ba, kuma ba mai musun haka. Amma jahilcin da ya fi ɓarna a wannan fage shi ne na mai tsarawa, wanda bai san mutanen da yake yi wa aiki ba, bai kuma ga dalilin tasowa ya zo ya san su ba. Shi ne ya kamata a fara yi wa yaƙi da jahilci.

Sana'a ce mai ƙa'idoji

Tsara yadda mutum zai yi hulɗa da na'ura sana'a ce mai malamanta da littattafanta, kuma ta wuce zaɓen launi da ƙawata allo. A shekarar 1988 wani masani ɗan Amurka, Donald Norman, ya wallafa littafi a kan kayan amfanin yau da kullum, irin su ƙofa da famfo da murhu. Hujjar da ya kafa ita ce, idan mutane da yawa suna yin kuskure iri ɗaya a kan abu ɗaya, to a tuhumi abin kafin a tuhumi mutanen. Ƙofar da kowa yake turawa alhali jawo ta ake yi, wanda ya ƙera ta ne ya kasa. Bayan ya kama aiki a kamfanin Apple a 1993, Norman ya yaɗa sunan da ake kiran wannan fage da shi a yau, wanda ya ƙunshi duk abin da mai amfani yake gamuwa da shi tun daga ranar da ya sayi abu har ranar da ya rabu da shi.

Hanyar binciken ba ta da wani sihiri. Ana zuwa inda mutane suke, a ga yadda suke biyan bukatarsu kafin zuwan na'urar. Ana zana samfuri, ko da a kan takarda ne, a ba mutum wani aiki takamaimai, misali ya aika wa ɗan'uwansa kuɗi, sannan mai bincike ya kama bakinsa ya zuba ido. Ba ya nuna masa inda zai danna, ba ya yi masa bayani. Yana rubuta inda hannu ya tsaya, inda aka koma baya, inda aka ajiye wayar aka ce an gaji. A gyara, a sake gwadawa da wasu. Jakob Nielsen, abokin aikin Norman, ya yi bayani a shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar kan tono wajen kashi 85 cikin ɗari na matsalolin da ke cikin tsari, da sharaɗin a yi wa kowane rukunin masu amfani nasa gwajin dabam.

Babu baƙon abu a nan ga ɗan Damagaram. Baduku ba ya yanka fata sai ya ga ƙafar mai takalmi, tela ba ya sa almakashi sai ya auna mai riga, in kuma rigar ta matse a hammata ba ya cewa jikin mai ita ne ya yi kuskure. Abin da ƙaramin mai sana'a a kasuwar Dole ya ɗauka wajibi, shi ne injiniya mai digiri yake ganin ɓata lokaci ne.

Inda aka bi wannan ƙa'ida kuwa an ga amfaninta. Wayar Nokia 1100 da ta fito a 2003 ta zo da tocila da jikin da ƙura ba ta saurin shiga, domin an yi la'akari da garuruwan da wutar lantarki ba ta wadata ba, aka kuma sayar da fiye da miliyan 200. A Kenya, tsarin M-Pesa da aka fara gwadawa a 2005 an yi shi ne domin biyan ƙananan basussuka. Masu shi suka lura mutane sun karkatar da shi suna tura wa juna kuɗi, sai suka bi mutanen, suka sake masa fasali kafin ƙaddamar da shi a 2007. Wayoyin Tecno da Itel da suka cika kasuwannin ƙasar Hausa sun samu shiga ne da gurbin layi biyu, da batir mai daɗewa, da kyamarar da aka daidaita da baƙar fata. Duk waɗannan an same su ne ta hanyar kallon mutane.

Abin da ƙasar ta riga ta nuna

Masu cewa jama'ar nan ba su iya da na'ura ba, ya kamata su karanta abin da aka riga aka auna a ƙasar da suke magana a kanta. Wayar salula ta shigo Nijar a 2001. Wata masaniyar tattalin arziki da ta koyar a jami'ar Tufts a Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin ƙasar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa inda layin waya ya isa, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Ƴan kasuwar hatsi ne suka yi wannan da kansu, ba tare da an tara su an wayar musu da kai ba. Sun ga abin da zai rage musu wahalar tafiya, suka kama shi.

A shekarun 2009 da 2010 kuma, a ƙauyuka sama da ɗari na jahohin Damagaram da Doso, ƙungiyar CRS ta gudanar da azuzuwan yaƙi da jahilci da Hausa da Zabarmanci. A rabin ƙauyukan an ƙara wa ɗalibai darasin amfani da ƙaramar waya, mutum biyar suna tarayya a kan guda. Sakamakon da Aker da abokan aikinta suka wallafa a 2012 ya nuna cewa ɗaliban da suka taɓa wayar sun fi sauran ƙoƙari a rubutu da lissafi. Manoma ne da matan aure waɗanda ba su taɓa shiga lakwal ba, amma wata kaɗan suka ishe su su fara rubuta saƙo da harshensu.

Akwai darasi na uku daga jahar Tawa. Bayan farin 2009, ƙungiyar Concern ta raba tallafin kuɗi a ƙauyuka 96 a shekarar 2010, wasu hannu da hannu, wasu ta tsarin Zap na kamfanin Zain. Matan da suka karɓa ta waya sun rage tafiya da zaman jira, abincin gidajensu ma ya ƙaru da iri. Sai dai kaɗan ne daga cikinsu suka yi wani abu da asusun bayan cire kuɗin. Abin da ya biya musu bukata sun karɓa, abin da aka tsara ba da su a rai ba sun bar wa masu shi.

Haka nan duk mai ido ya ga yadda jama'a suka ƙirƙiro wa waya amfanin da masu ita ba su yi tunani ba. Kira a katse kafin a ɗauka ya zama saƙo mai ma'anoni da aka yi yarjejeniya a kansu. Tun da WhatsApp ta kawo saƙon murya a 2013, ciniki da sada zumunci da wa'azi da sanarwar rasuwa suka koma can, tsakanin Damagaram da Kano da Agadas da Libiya. Kamfanonin aika kuɗi na cikin gida irin su Al Izza da Nita da Amana sun bazu a garuruwa saboda mutum yana zuwa ya faɗi sunan mai karɓa da garinsa da bakinsa, da Hausa, ya miƙa kuɗi, a ba shi takarda. Mutanen da suka yi wannan duka ba a ce musu ba su san na'ura ba.

Inda ɗakin yake yoyo

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da masu tsarawa sun tambayi mai ɗakin, ga kaɗan daga abin da zai nuna musu.

Na farko, lissafin kuɗi. Allon waya yana rubuta tamma ta sefa ɗaya bayan ɗaya, Bahaushen Nijar kuwa da dala yake ƙirga, dala ɗaya tamma biyar. Abin da allo ya rubuta 100 shi ne dala ashirin, 500 ita ce dala ɗari, 1000 kuma jika. Wanda aka ce ya aika ɗari biyar, in ya danna 500 ya aika kashi ɗaya cikin biyar na abin da ake nufi, domin dala ɗari biyar ita ce 2500. Duk mai sayar da ƙosai tana yin wannan juyi a kanta sau ɗari a yini. Manhajar da ba ta san da shi ba ita ce ba ta iya lissafin ƙasar ba.

Na biyu, suna. Takardar cikewa tana neman sunan iyali a wani gurbi da sunan yanka a wani, kamar yadda ake yi a Faransa. Bahaushe yana da sunansa, da na ubansa, da na kakansa in an bukata, kuma ba shi da wani sunan da iyali suke gada. Wani ma'aikaci ya sa na uba a gaba, wani ya sa shi a baya, sai na'ura ta mai da mutum ɗaya mutum biyu, ta hana shi haƙƙinsa. Tambayoyin da ake yi don tsare asusu ma haka suke: ana tambayar sunan da mahaifiya take amsawa kafin ta yi aure, a ƙasar da mace ba ta canza suna don ta yi aure.

Na uku, ranar haihuwa da adireshi. Mutane da yawa takardarsu ta kotu ce, mai cewa an haife su wajen shekara kaza. Shafin ba ya wucewa sai an ba shi rana da wata, shi ya sa dubban mutane suka wayi gari an haife su ranar ɗaya ga Janairu, da yawansu kuma sunansu ɗaya. Ana neman sunan titi da lambar gida daga mazaunin Birni ko Zango wanda kowa ya san gidansa da masallacin da ke kusa da shi ko da sunan mai unguwa. Ana neman adireshin imel daga wanda lambar waya ce kaɗai shaidarsa.

Na huɗu, haruffa. Dokar 1999 ta tsayar da ƙa'idojin rubutun Hausa a Nijar, da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Waɗannan haruffa suna cikin tsarin Unicode tun farkon shekarun 1990, amma har yau akwai shafukan da ke ƙin karɓarsu ko su mai da su alamar tambaya. Ga kuma haraji a ɓoye: saƙon rubutu guda yana ɗaukar harafi 160 muddin haruffan suna cikin jerin da aka tsara a Turai, amma da ƙ ɗaya ta shiga, sai ya koma tsarin da ke ɗaukar 70 kacal. Saƙo mai harafi 150 da ya kamata ya tafi guda sai ya rabu uku. Mai rubuta Hausa daidai yana biyan ninki uku, mai ɓata ta yana samun rangwame. A garin da ke da fada, bambancin wanda ya tafi fada da wanda ya tafi faɗa ba ƙaramin abu ba ne.

Na biyar, lokaci da hotuna. Tsarin nan na danna tauraro da lambobi yana jero zaɓi cikin Faransanci, rukuni cikin rukuni, kuma yana katsewa in an jinkirta, sai a koma farko. Alamomin da aka ce suna maye gurbin rubutu, irin su ambulan da keken sayayya na kanti da faifan ajiya da aka daina amfani da shi tun tuni, hotuna ne na rayuwar wasu. Binciken da Indrani Medhi da abokan aikinta suka yi a cibiyar Microsoft ta Bangalor a Indiya, daga 2006 zuwa gaba, ya nuna cewa zaɓi mai rassa cikin rassa yana ɓatar da wanda bai yi makaranta ba. A gwajin aika kuɗi da suka yi, marasa karatu sun kasa kammalawa da tsarin rubutu, amma suka kammala da tsarin zane mai haɗe da murya. Mutanen ba su canza ba, tsarin aka canza.

Na shida, zaton cewa kowace waya ta mutum ɗaya ce. A gidaje da yawa waya guda ce tsakanin miji da mata da ƴaƴa, layin kuma da sunan wani aka yi rajistarsa, sannan takan kwana wajen mai caji. Wace ma'ana lambar sirri take da ita a nan? Dattijuwar da ɗanta ya aiko wa kuɗi daga ci-rani dole ta miƙa wayar da lambar ga wani yaro ya karanta mata. In Allah ya sa mai amana ne, ta rasa sirrinta kawai. In ba haka ba, ta rasa kuɗin ma. A zamanin mulkin mallaka talaka ba ya isa gaban kwamanda sai ta bakin tafinta, kuma tarihi ya san irin ikon da tafintoci suka tara ta wannan hanya. Mugun tsari ya dawo da tafinta, ya zaunar da shi tsakanin mutum da aljihunsa.

Fassara kaɗai ba ta isa ba

A nan dole a juya ga masu kishin harshe, malamai da ƙungiyoyin al'adu, domin su ma suna da nasu tudun. Da yawansu sun ɗauka cewa ranar da aka mai da kalmomin allo Hausa, magana ta ƙare. Google ta sa Hausa cikin na'urarta ta fassara a 2013, Facebook ta fito da Hausa a 2016, kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Duk wannan ci gaba ne. Amma rigar da aka yanka wa wani, ko an yi mata aska takwas a wuya, ba za ta zauna a jikin wanda ba a auna ba.

A koma ga misalin kuɗi. In aka sa wa manhaja murya ta karanta 500 da Hausa tsantsa ta ce ɗari biyar, mai saurare a Miriya ko Magarya zai ji 2500. Fassarar ta yi daidai a nahawu, ta yi ɓarna a aljihu. Haka kuma Hausar da na'urori suka fi koya ta rubuce-rubucen Najeriya ce da ta gidajen rediyon ƙetare. A nan ana cewa an kai mara lafiya likita ana nufin gidan magani, a can likita mutum ne. A nan yaro yana zuwa lakwal wajen mushe. Wanda ya zauna a ofis da ƙamus yana ƙirƙiro kalmomin da ba a taɓa ji a kasuwa ba, ya sake gina katangar Faransanci ne da tubalin Hausa.

Akwai kuma waɗanda ƙididdiga take sa wa cikin marasa karatu alhali suna karatu. Damagaram gari ne na makarantun allo, kuma mutane da yawa suna rubuta lissafinsu da wasiƙunsu da ajami. Takardun naira da ke yawo a kasuwannin bakin iyaka sun daɗe suna ɗauke da adadinsu da ajami, saboda wanda ya tsara su ya san wa zai riƙe su. Wane mai manhaja ne ya taɓa gwada ko ajami zai buɗe wa waɗannan mutane ƙofa? Sannan jahar da ƙidayar 2012 ta ba mutum sama da miliyan uku da rabi, wadda ta fi kowace jaha yawan jama'a, ba Hausawa kaɗai ke cikinta ba. Akwai Barebari da Fulani da Buzaye da Tubawa, kuma mai kishin Hausa da ya manta da su ya aikata abin da yake zargin wasu da shi.

Hujjojin masu kare kansu

Za a ce bincike yana da tsada, kasuwar kuma ƙarama ce. Mutum biyar a Dole, biyar a Matamai, biyar a Tanut, da kuɗin mota da ladan lokacinsu, ba su kai abin da ake kashewa a bikin ƙaddamarwa na yini ɗaya ba. Abin da ke da tsada shi ne manhajar da aka biya aka kuma yi watsi da ita.

Za a ce maganin shi ne makaranta, a koya wa kowa karatu sai matsalar ta kau. Babu malamin da zai ƙi wannan. Amma mai shekara hamsin da ke bukatar karɓar kuɗinsa yau ba zai jira a gama gina azuzuwa ba. Gwajin ƙauyukan Damagaram ma ya nuna cewa wayar da mutum ya iya sarrafawa tana ƙara masa karatu. Tsari mai sauƙi abokin aikin makaranta ne. Kuma ko masu digiri suna tuntuɓe a waɗannan shafuka, sai dai kunya ta hana su faɗi.

Za a ce ai an yi bincike, ga rahoto. A nan ne ya kamata a rarrabe tsakanin bincike da cike takardar tambayoyi. Ƙauyukan jahar nan sun gaji da masu zuwa da mota su tara mutane gindin bishiya su yi ta tambaya. Bahaushe mai kara ne. Baƙon da ya taso daga nesa ya nuna masa abu ya ce ya yi kyau, amsar ita ce ya yi, madalla, ko da bai fahimci komai ba. Taron da maigari yake zaune, ba mai buɗe baki ya saɓa masa. Mata kuwa, in ba mace ce ta shiga cikin gida ta zauna da su ba, ba a ji ta bakinsu ba. Rahoton da ya ce kowa ya gamsu, ladabin mutanen ya auna. Gani ya kori ji: a miƙa wayar, a yi shiru, a kalli hannu.

Za a ce na'urori masu jin magana suna tafe, za su share duk wannan. Wataƙila su taimaka. Amma na'urar da ba a gwada da muryar tsohuwa daga Dungas ba, cikin hayaniyar kasuwa, a kan ƙaramar waya mai raunin layi, za ta maimaita kuskuren ne da murya mai daɗi.

Abin da ya rage ga malamai da ƙungiyoyi

Tun da aka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, mutanen nan suka saba a yanke musu hukunci daga nisan kusan kilomita 900. Yau nisan ya ƙaru, domin allon da ke hannunsu a wata nahiya aka zana shi. Sai dai garin yana da abin da zai tsaya a kai. A nan aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a 1973, lokacin da ake ganin abin wasa ne. Akwai jami'ar André Salifou, akwai makarantar horar da malamai, akwai matasa masu rubuta manhaja. Abin da ya rage shi ne a haɗa su da mutanen da ke bakin ƙofarsu.

Hukumar da za ta ba da kwangilar wani shafi ko manhaja ta hidimar jama'a, ya kamata ta sa sharaɗi a rubuce: ba a karɓar aiki, ba a biyan kuɗin ƙarshe, sai an gwada shi da mutanen jahohi, maza da mata, masu boko da masu allo da waɗanda ba su yi ko ɗaya ba, an kuma bayyana mutum nawa ne suka kammala aikin ba tare da taimako ba. Jami'a ta koya wa ɗaliban kwamfuta zama da mutane kamar yadda take koya musu lissafi, ta haɗa su da ɗaliban harsuna da na ilimin zamantakewa. Wanda aka ɗauki lokacinsa a biya shi, a nemi yardarsa, a kuma dawo a gaya masa abin da aka gyara saboda shi.

Malaman Hausa da na Faransanci suna da abin da injiniya ba shi da shi. Sun san inda yaro yake tuntuɓe a jimla, sun san kalmar da ake ji da wadda ba a ji. Aji ɗaya na lise zai iya ɗaukar shafin rajista guda, ɗalibai su gwada shi da iyayensu, su rubuta duk inda aka tsaya, a tara a aika wa masu shi, a karanta a rediyo. Ƙungiyoyin al'adu da suka iya shirya gasar waƙa da wasan kwaikwayo za su iya tattara kalmomin da jama'a suka riga suka raɗa wa sassan waya, domin mai fassara ya taras da su a shirye. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

A taro na gaba kuma, in mai jawabi ya sake cewa jahilci ne, ya kamata a samu malami ɗaya da zai miƙe ya tambaye shi cikin ladabi: mutum nawa kuka zauna da su kafin ku gina wannan abu, a wane gari, da wane harshe, kuma me kuka canza bayan kun ga hannunsu a kai? In ya kawo amsa, a saurare shi. In bai kawo ba, a rubuta sunansa cikin waɗanda za a buɗe wa aji.